Sauke Kaya: Nazarin Littafin Leymah Gbowee ta Laberiya

A cikin gabatarwar littafinta, Leymah Gbowee ta ba da labarin wani ɗan jarida, baƙo daga ƙasar waje, wanda ya tambaye ta ko an yi mata fyaɗe a lokacin yaƙin Laberiya. Da ta amsa masa cewa ba a yi ba, sai ya ga ba ta da sauran amfani a gare shi. Matar nan kuwa tana da labari, gama ta yi gudun hijira sau biyu, ta sha duka a hannun uban 'ya'yanta, ta kuma kwana a ƙasa da jariri a asibiti saboda rashin kuɗi. Amma mai tambayar ya riga ya zaɓi irin labarin da yake so, wato na mace da aka wulakanta tana kuka, abin da ya wuce wannan kuwa ba ya cikin lissafinsa. Daga wannan ƙaramin al'amari ne babbar tambayar littafin ta taso. Sa'ad da mace ta buɗe baki ta faɗi abin da ya same ta, wa yake saurare, me kuma zai yi da abin da ya ji?

Sunan littafin da Turanci shi ne Mighty Be Our Powers, ma'anarsa kusan a ce bari ikonmu ya ƙasaita. Ya fito a watan Satumba na 2011, Gbowee kuwa ta rubuta shi tare da wata marubuciya Ba'amurkiya mai suna Carol Mithers. Wata guda bayan fitowarsa aka sanar cewa ita, da Ellen Johnson Sirleaf shugabar Laberiya ta lokacin, da Tawakkol Karman ta ƙasar Yaman, su ne suka sami lambar Nobel ta salama ta wannan shekara. An fassara shi da Faransanci a 2012. Mutane da yawa sun san labarin matan Laberiya ta wurin fim da aka yi a kansu a 2008, amma fim ɗin ya fi nuna abin da ya faru a fili. Littafin ne ya shiga cikin ɗaki ya nuna inda abin ya faro.

Yarinyar da yaƙi ya tarar

An haifi Leymah Gbowee a 1972. Tana da shekara 17, ta gama makarantar sakandare ke nan tana burin karatun likita, sa'ad da Charles Taylor ya ƙetaro da mayaƙansa daga Kwaddibuwa a ranar 24 ga Disamba 1989. Kafin wata bakwai su cika yaƙin ya iso Monrobiya. Iyalinta suka fake a majami'ar Lutheran ta Bitrus Mai Tsarki, suka kuma bar wurin ba da daɗewa ba kafin sojojin shugaba Samuel Doe su shiga a daren 29 ga Yuli 1990, su karkashe mutum wajen 600 a cikin ɗakin sujada da harabarsa. Daga nan sai zangon 'yan gudun hijira na Buduburam a ƙasar Gana.

Babi-babin da suka biyo baya su ne mafiya nauyi a littafin, ko da yake ba a filin daga suke ba. Ta koma gida, ta shiga hannun wani mutum wanda ta ɓoye sunansa ta kira shi Daniel, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, yana dukanta yana ƙasƙantar da ita. A 1996 faɗa ya sāke ɓarkewa a Monrobiya, ta bi shi zuwa Gana da ciki. Can ta haihu, aka hana ta fita daga asibiti domin ba ta da abin biya, ta yi mako guda tana kwana a barandar asibitin da jaririnta. Ta dawo gidan iyayenta ba sana'a, ba takardar shaidar karatu mai zurfi, tana ganin kanta kamar wadda ta ƙare.

A 1998 ta fara aikin sa kai a wani shiri na ikkilisiyar Lutheran domin warkar da raunin zuciya da sulhunta mutane. Ofishin shirin yana a harabar majami'ar nan da aka yi kisan. Cikin aikinta akwai zama da samarin da Taylor ya ɗauka soja tun suna yara, waɗansunsu guragu, dukansu cike da fushi. A nan ta koyi cewa mutumin da bai sami inda zai faɗi abin da ya gani ba, yakan juye shi a kan na kusa da shi.

Ɗakin da aka sauke kaya

Zuciyar littafin tana cikin wani abu da Gbowee ta fara yi da mata su kaɗai. Takan tara su da dare bayan an gama koyarwar yini, su zauna a kewaye, kowace ta faɗi abin da take ɗauke da shi. Ta ba wannan zama suna da ma'anarsa ita ce sauke kaya, kamar yadda mace takan iso gida daga kasuwa a taimake ta ta sauke abin da ke kanta. Matan suka riƙa faɗin abubuwan da ba su taɓa gaya wa miji ko fasto ba, na fyaɗe, da na 'ya'yan da aka kashe a gabansu, da na abin da yunwa ta sa suka yi.

Ita kanta ba ta sauke nata ba sai a 2001, a birnin Akra, a taron farko na ƙungiyar mata masu aikin gina salama a Afirka ta Yamma, wadda ake kira WIPNET, wadda wata 'yar Nijeriya, Thelma Ekiyor, ta kafa. A gaban mata daga Saliyo, da Gini, da Nijeriya, da Senegal da sauransu, ta ba da labarin barandar asibitin nan karo na farko. Littafin ya nuna cewa daga wannan zama ne ta daina ganin abin da ya same ta kamar abin kunyarta ita kaɗai.

In aka gwada wannan ɗaki da tambayar ɗan jaridar nan, za a ga inda bambancin yake. Ɗan jaridar ya zo ɗaukar labari ne ya tafi da shi, mai labarin kuwa ta zauna yadda take. A cikin ɗakin, masu sauraro mata ne da suka sha irin wannan wahala, wadda ta saurara yanzu ita ce za ta yi magana an jima, ba wadda ta fi wata. Mai labari ita take zaɓen inda za ta fara da inda za ta tsaya. Sa'an nan, da labaru suka taru, matan suka ga cewa abin da kowace take zato ƙaddararta ce ita kaɗai, ashe abu ɗaya ne ya same su duka, yana kuma da masu yinsa da za a iya kiran sunayensu. Wannan ganewa ce ta fitar da su daga ɗaki zuwa titi, littafin kuwa ya bi matakan dalla-dalla, har mai karatu ya yarda da shi.

Daga ɗaki zuwa fili

A 2002 Gbowee ta yi mafarki ana ce mata ta tara mata su yi addu'a domin salama. Matan ikkilisiyoyi suka fara taruwa. Wata 'yar sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta ji kiran, ta je ta tattaro matan Musulmi. A watan Afrilu 2003 suka fara zama kowace rana a wani fili kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, a bakin hanyar da motocin Taylor suke bi. Suka sa fararen riguna da fararen kallabi, ba kwalliya, ba 'yan kunne, suna tunawa da tsummoki da tokar da ke cikin littafin Esta. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, ba su tashi ba. A ranar 23 ga Afrilu Taylor ya yarda ya gan su, ya kuma yi alkawarin zuwa taron sulhu.

Taron ya buɗe a Gana a farkon Yuni, mai shiga tsakani kuwa shi ne Janar Abdulsalami Abubakar, tsohon shugaban Nijeriya. Makonni suka wuce, shugabannin mayaƙa suna zaune a manyan masaukai suna jayayya a kan muƙamai, ana ta mutuwa a Monrobiya. A watan Yuli mata wajen 200 suka zauna a bakin ƙofofin zauren taron, suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, sai ta fara tuɓe tufafinta, abin da a al'adar wurin la'ana ce a kan namijin da ya jawo shi. Janar Abdulsalami ya hana a taɓa su, ya kuma tsauta wa wani shugaban mayaƙa da ya yi ƙoƙarin kutsawa ta cikinsu. Taylor ya sauka ya tafi Kalaba a ranar 11 ga Agusta, aka sa hannu a yarjejeniyar salama a ranar 18 ga watan. An ƙiyasta cewa yaƙin na shekara 14 ya ci rayuka wajen 250,000.

Akwai wani wuri da gaskiyar marubuciyar ta fito sarai. Jaridun duniya sun yi ta yayata cewa matan sun ƙaurace wa shimfiɗar mazajensu har sai an daina yaƙi, kamar dai wannan ne ya kawo salama. Gbowee ta faɗa a fili cewa wannan mataki bai yi wani tasiri sosai a aikace ba, amfaninsa shi ne ya jawo hankalin 'yan jarida. Marubuciya mai neman suna da ta bar mutane da abin da suke so su ji.

Abin da ba ta ɓoye ba

Wanda ya saba jin shaida a majami'a ya san yadda takan tafi. Dā ina cikin duhu, sai Ubangiji ya cece ni, yanzu kome ya daidaita. Littafin nan bai bi wannan tsari ba, wannan kuma shi ne babban ƙarfinsa. Gbowee ta faɗi cewa sa'ad da ta yi mafarkin nan tana zaune da namiji ba aure, har ta ga kamar kiran ba nata ba ne, na waɗansu mata ne da suka fi ta tsarki. Ta faɗi cewa a shekarun da ake yabonta ta kama shan giya sosai, ba ta daina ba sai ranar da ta sha ta faɗi a gaban 'ya'yanta, ta ga tsoro a fuskokinsu. Ta faɗi cewa yayarta Geneva ce ta riƙe mata yara a Gana tana can tana aikin salama, har yaran suka fi sabawa da yayar. Rasuwar Geneva a 2006 tana cikin wurare mafiya ciwo a littafin.

Waɗansu masu karatu a ikkilisiya za su yi tuntuɓe da waɗannan shafuffuka, su ce mace irin wannan ba abin koyi ba ce. Ya kamata su yi tunani sau biyu. Marubuciyar ba ta yabi zunubinta ba, ta kira shi da sunansa. Da ta share waɗannan abubuwa, da littafin ya zama labarin wata jaruma da ba ta kama da kowa, matar da ke kwana da kunya a zuciyarta kuwa ta rufe shi ta ce wannan ba irinta ba ce. Da yake ta bar su, littafin kansa ya zama irin zaman nan na dare, ita ce ta fara sauke nata kaya domin mai karatu ta sami ƙarfin sauke nata.

Inda littafin ya gaza

Duk da haka akwai abubuwa da ya kamata a faɗa. Sunan littafin yana maganar ikon mata da yawa, amma cikinsa muryar mace ɗaya ce. Dubban matan da suka zauna a filin nan, masu sayar da kifi da gawayi, da waɗanda suka tako da ƙafa daga zangon 'yan gudun hijira, yawancinsu sun wuce a littafin ba suna. An ambaci 'yan kaɗan, kamar Asatu da Vaiba Flomo, sauran kuwa taro ne cikin fararen kaya. Haka littafin tarihin rayuwar mutum ɗaya yakan zama, amma a nan abin ya fi ciwo, domin koyarwar littafin ita ce kowace mace tana da labari.

Na biyu, an rubuta shi da Turanci, da taimakon marubuciya Ba'amurkiya, aka buga shi a Amurka. Ana jin wannan a cikin salon. Akwai wuraren da ake bayyana abin da kowane ɗan Afirka ta Yamma ya sani, akwai kuma wuraren da maganar ta yi santsi har ba a jin bakin Monrobiya a cikinta. Matan da suka haifi labarin, da yawansu ba su iya karatu ba, littafin kuwa ya tafi wurin mutanen ƙasashen da ɗan jaridar nan ya fito. Marubuciyar ta karɓe labarin daga hannunsa, amma ba ta kai ga mayar da shi hannun masu shi ba.

Na uku, littafin ya ba mata kaso mafi girma na nasarar 2003, bai tsaya sosai a kan sauran dalilai ba. 'Yan tawaye sun riga sun kewaye Monrobiya. Kotun musamman ta Saliyo ta bayyana tuhumar da take yi wa Taylor a ranar da taron Gana ya buɗe. Sojojin Nijeriya sun sauka a ƙasar a farkon Agusta, Nijeriya kuma ta ba shi mafaka. Faɗin wannan ba ya rage darajar matan. Yana dai tsare mai karatu daga zaton cewa zama a fili da farin kallabi zai kori kowane azzalumi.

Shekarun da suka bi bayan littafin sun ƙara nuna iyakar ba da labari. Hukumar gaskiya da sulhu ta Laberiya ta saurari dubban shaidu, mata da yawa a cikinsu, ta ba da rahotonta a 2009, ta ce a kafa kotu. Hukuncin shekara 50 da aka yanke wa Taylor a 2012 saboda yaƙin Saliyo ne. Shekara 20 suka wuce bayan yarjejeniyar ba a gurfanar da kowa a cikin Laberiya saboda laifin yaƙi ba, sai a watan Mayu 2024 shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a umarnin buɗe ofishin da zai shirya kotun. Ita Gbowee ta ajiye shugabancin shirin sulhu na ƙasa a 2012, tana zargin gwamnatin Sirleaf da sakaci wajen yaƙi da cin hanci da kuma fifita dangi. Mace tana iya faɗin labarinta ta sami sauƙin zuciya, wanda ya cuce ta kuwa yana zaune a majalisa.

Ga Zumuntar Mata

Hausawa suna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai hikima a cikin wannan magana, amma sau da yawa mata ne ake ɗora wa nauyinta. Wadda miji yake duka, a ce ta yi haƙuri. Wadda aka ɓata, a ce ta rufa wa gida asiri. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye inda wannan yake kaiwa ba. A Sama'ila na Biyu sura 13, bayan Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe, ɗan'uwanta Absalom ya ce mata ta yi shiru, mahaifinsu Dawuda ya husata amma bai yi kome ba. Tamar ta ƙare a gidan ɗan'uwanta a kaɗaice, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan. A Markus sura 5 kuwa, matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini ta faɗa wa Yesu gaskiyarta duka tana rawar jiki, ya tsaya ya saurare ta ko da yake ana jiransa a gidan wani babban mutum, ya kuma kira ta 'yarsa.

Ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa suna da abin da matan Laberiya sai da suka gina daga tushe, wato Zumuntar Mata, mai taro kowane mako, da shugabanninta, da asusunta. Suna kuma da mata masu kaya a kai, waɗanda suka gudo daga bakin tafkin Chadi, da waɗanda suka ga an ƙone majami'unsu a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, da waɗanda yaƙinsu yana cikin ɗakin aurensu. Halin wurin ya bambanta da na Laberiya, inda Kirista ne suka fi yawa, saboda haka ba kome ne za a kwafa ba. Amma ɗakin sauke kaya ana iya yinsa ko'ina, in an kiyaye sharuɗansa. Abin da aka faɗa a ciki kada ya isa kasuwa, ko kunnen miji, ko teburin dattawa domin horo. Kada a tilasta wa kowa magana. Kada a katse mai magana da wa'azi ko a gaggauta ta zuwa ga yafewa. Matar fasto da shugabar zumunta su ma su sauke nasu, gama in manya suna sauraro kawai, ɗakin ya zama kotu. Sa'an nan a shirya abin da zai biyo baya, ko kai mai ciwo asibiti, ko biyan kuɗin makarantar maraya, ko zuwa a tsaya a gaban mai duka a gaya masa an sani.

Littafin Leymah Gbowee bai cika ba, ya bar mata da yawa a waje, bai kuma kawo shari'ar da suke jira ba. Amma ya cancanci a karanta shi, wadda ta iya Turanci ko Faransanci kuma ta ba 'yan'uwanta labarinsa da Hausa. Za su ji yadda mace da ta kwana a barandar asibiti ta yi shekara biyar ba ta gaya wa kowa ba, da abin da ya faru bayan ta sami mata da suka zauna suka saurare ta har ta gama.